Hugo Broos: Kocin Beljiyam da ya fi yarda da ƙungiya a kan suna

Duk wanda ke bibiyar ƙwallon ƙafar Afirka ya sha cin karo da Hugo Broos, dattijon nan mai farin gashi ɗan ƙasar Beljiyam, wanda ya ɗauki kofin nahiyar Afirka da Kamaru a 2017, ya kai Afirka ta Kudu matsayi na uku a gasar da aka yi a Kwaddibuwa a farkon 2024, sannan ya sama mata gurbin gasar cin kofin duniya ta 2026 daga rukunin da Najeriya take ciki. Abin da ke buƙatar bayani shi ne yadda mutumin da aka ɗauka tauraronsa ya riga ya dushe a Turai, wanda ya yi shekaru yana yawo daga wannan ƙaramin kulob zuwa wancan, ya zo ya yi nasara da ƙasashe biyu da ba a sa su cikin lissafi ba, da kuma dalilin da ya sa ɗaya ta sallame shi bayan wata goma da cin kofi, ɗayar kuma ta riƙe shi shekara da shekaru.

An haife shi ranar 10 ga Afrilu, 1952, a Humbeek, wani ƙaramin gari da ke arewa da Brussels, a yankin masu magana da harshen Holanci. Ya shiga babbar ƙungiyar Anderlecht a 1970, ya zauna a can har 1983 yana buga tsakiyar baya. Waɗannan shekaru su ne lokacin da Anderlecht ta fi tashe a tarihinta. Ta ci kofin zakarun kofunan ƙasashen Turai a 1976 bayan ta doke West Ham da ci 4 da 2, ta sake kai wa wasan ƙarshe a 1977 inda Hamburg ta yi galaba a kanta, ta kuma dawo ta ɗauke shi a 1978 da ta lallasa Austria Wien da ci 4 da nema a birnin Paris. A 1983 ta ƙara da kofin UEFA a hannun Benfica. Sunayen da aka fi tunawa daga wannan ƙungiya su ne Rob Rensenbrink da Arie Haan da François Van der Elst, wato masu cin ƙwallo da masu raba ta. Broos yana cikin waɗanda ke yin aikin da ba a cika tafa wa ba: tare hanya, cin ƙwallon sama, da gyara kuskuren wanda ya tafi gaba bai dawo da wuri ba. A ganina, wannan matsayi da ya buga shekara goma sha takwas shi ne tushen duk abin da ya zo ya yi a matsayin koci, domin ƙungiyoyin da ya horar daga baya aka gina su.

Daga Anderlecht ya koma babbar abokiyar hamayyarta, Club Brugge, inda ya yi shekara biyar, ya ci kofin ƙalubale na ƙasa a 1986 da kofin lig a 1988, shekarar da ya rataye takalmi. Ya buga wa ƙasarsa wasa 24, kuma yana da shekara 34 aka tafi da shi gasar cin kofin duniya ta Meziko a 1986 a ƙarƙashin koci Guy Thys. A can Beljiyam ta fitar da Tarayyar Sobiyet da ci 4 da 3 bayan ƙarin lokaci, ta fitar da Sifaniya a bugun fenariti, wanda Broos na cikin waɗanda suka buga suka ci, kafin Diego Maradona ya zura mata ƙwallo biyu a wasan kusa da na ƙarshe. Ta ƙare ta huɗu, matsayin da ba ta wuce ba sai a 2018.

Aikin horarwa ya fara shi nan take a RWD Molenbeek, amma sunansa ya fito ne a Club Brugge tsakanin 1991 da 1997, inda ya ci lig a 1992 da 1996, da kofin ƙalubale a 1995 da 1996. A nan ne hanyarsa ta fara haɗuwa da arewacin Najeriya, domin ɗaya daga cikin 'yan wasan gabansa shi ne Daniel Amokachi, haifaffen Kaduna wanda ya fito daga Ranchers Bees. Ranar 25 ga Nuwamba, 1992, Amokachi ya ci CSKA Moscow ƙwallo ɗaya tilo a wasan rukuni, ƙwallon da ake lissafawa a matsayin ta farko a sabon tsarin gasar zakarun Turai, kuma Broos ne ke zaune a benci a ranar. Zuwan Amokachi Beljiyam ba haɗari ba ne. A wancan zamani ƙasar ita ce ƙofar da 'yan wasan Najeriya suka fi bi zuwa Turai: Stephen Keshi ya buga a Lokeren da Anderlecht, Samson Siasia da Peter Rufai sun ratsa ta Lokeren, Victor Ikpeba da Sunday Oliseh ta birnin Liège, Celestine Babayaro kuma ta Anderlecht. Saboda haka kocin Beljiyam na wancan lokaci ya saba aiki da matashin ɗan Afirka tun kafin ya taka ƙasar Afirka.

Akwai wani sauyi da ya faru a tsakiyar waɗannan shekaru wanda ya shafi duk kocin da ke aiki a Beljiyam. A watan Disamba na 1995 kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a ƙarar da ɗan wasan Beljiyam Jean-Marc Bosman ya shigar, inda ta ba ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare 'yancin tafiya wani kulob ba tare da an biya kuɗin sayensa ba, ta kuma soke iyakance yawan 'yan wasan ƙasashen tarayyar a kowane kulob. Sakamakon haka, haɗe da kuɗin talabijin da ya kwarara zuwa Ingila da Italiya da Sifaniya, kulob kamar Anderlecht ya daina iya riƙe gwarzon ɗan wasa shekara goma sha uku kamar yadda ya riƙe Broos. Kocin Beljiyam ya zama mai raino: ya ɗauko yaro, ya gyara shi, manya su zo su saye, ya sake komawa farko. Broos ya yi wannan aiki shekara biyar a ƙaramin kulob na Mouscron, ya kai shi wasan ƙarshe na kofin ƙalubale a 2002, sannan ya koma Anderlecht, inda ya saka Vincent Kompany cikin manya yana ɗan shekara 17 a 2003, ya kuma ci lig a 2004. Kakar da ta biyo baya ƙungiyar ta sha kashi a duka wasanni shida na rukuni a gasar zakarun Turai, aka sallame shi a Fabrairun 2005. Ya tafi Genk, inda aka zaɓe shi gwarzon koci na shekara a 2007, karo na huɗu bayan 1992 da 1996 da 2004.

Abin da ya biyo baya ba shi da armashi. Ya yi gajerun zama a Panserraikos ta Girka, da Trabzonspor ta Turkiyya, da Zulte Waregem a gida, ya yi mataimakin koci a Al Jazira ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, sannan ya je Aljeriya a 2014. Yana kocin JS Kabylie ne lokacin da ɗan wasan gabansa, Albert Ebossé ɗan Kamaru, ya rasu a watan Agusta na wannan shekara sakamakon raunin da ya samu a ƙarshen wani wasa a Tizi Ouzou. Bai daɗe ba ya bar kulob ɗin, ya yi ɗan zama a NA Hussein Dey, daga nan ya zauna babu aiki.

A wannan hali ne hukumar ƙwallon ƙafar Kamaru ta tallata gurbin koci, ya nema, aka ɗauke shi a Fabrairun 2016. Naɗin bai yi wa jama'a daɗi ba, domin ana ganin ƙasar da ta ci kofin nahiya sau huɗu ta fi ƙarfin mutumin da bai taɓa horar da tawagar ƙasa ba. Amma ya kamata a duba irin tawagar da ya gada. Kamaru ba ta samu zuwa gasar nahiyar ta 2012 da ta 2013 ba. A gasar cin kofin duniya ta 2014 a Brazil 'yan wasa sun jinkirta tafiya saboda rikicin kuɗin alawus, suka sha kashi a duka wasanni uku, kuma a wasan Kuroshiya duniya ta kalli Benoît Assou-Ekotto yana tunkuyin abokin wasansa Benjamin Moukandjo a cikin fili. A 2015 an fitar da su tun a rukuni. Matsalar Kamaru a lokacin ita ce tana da manyan sunaye masu yawa waɗanda ba sa jituwa, kuma kowane koci yana tsoron ajiye su.

Gab da gasar 2017 a Gabon, 'yan wasa takwas suka ƙi amsa kira, ciki har da Joel Matip na Liverpool, da Eric Maxim Choupo-Moting, da André Onana, da André-Frank Zambo Anguissa, da Allan Nyom. Mutane da yawa sun ɗauki wannan a matsayin ƙarshen zance, alhali shi ne ya share wa Broos fili. Ya ba Moukandjo kyaftin, ya tsayar da Fabrice Ondoa mai shekara 21 a raga, ya ɗauko Christian Bassogog daga wani kulob a Denmark wanda mafi yawan 'yan Kamaru ba su taɓa jin sunansa ba, ya kuma ajiye Nicolas Nkoulou da Vincent Aboubakar a benci, duk da cewa su ne suka fi kowa suna cikin waɗanda suka zo. Sun yi kunnen doki 1 da 1 da Burkina Faso, suka doke Guinea-Bissau 2 da 1, suka tashi babu ci da mai masaukin baƙi. A zagaye na gaba suka riƙe Senegal har ƙarin lokaci ya ƙare, Ondoa ya tare bugun Sadio Mané, suka wuce da 5 da 4. Suka fitar da Gana da ci 2 da nema.

Wasan ƙarshe a Libreville, ranar 5 ga Fabrairu, 2017, ya nuna yadda tsarin yake aiki. Masar, wadda ita ce ta hana Najeriya zuwa gasar bayan kunnen doki a Kaduna da nasara a Iskandariyya, ta zo da Essam El Hadary mai shekara 44 a raga, kuma ƙwallo ɗaya kacal aka zura mata a duk gasar kafin wannan rana. Mohamed Elneny ya fara ci a minti na 22. Nkoulou ya shigo a madadin wanda ya ji rauni, Aboubakar ya shigo bayan hutun rabin lokaci. A minti na 59 Moukandjo ya ɗago ƙwallo daga hagu, Nkoulou ya sa mata kai ta shiga. Saura minti biyu a tashi, Aboubakar, wanda ya taso daga Coton Sport ta Garwa, ya tare doguwar ƙwallo da ƙirji a bakin da'ira, ya ɗaga ta ta saman kan mai tsaron baya, ya buga ta kafin ta zauna, ta daki ƙasa ta wuce El Hadary. Mutum biyun da aka ajiye a benci su ne suka ci kofin, kuma abin lura shi ne babu ɗayansu da ya tayar da rigima a makonnin da ya yi yana zaune. Bassogog ne aka zaɓa gwarzon gasar.

Idan aka tattara lissafin, Kamaru ta ci ƙwallo 7 a wasa shida, aka ci ta 3. Wannan tsari ne da ya dace da gasa ta wata ɗaya, inda kunnen doki ke iya kai ƙungiya bugun fenariti, kuma zaman sansani ɗaya ke haɗa kan 'yan wasa. A wasannin neman gurbi, inda ake buƙatar maki uku, rauninsa ya bayyana. Kamaru ta riga ta yi kunnen doki da Aljeriya da Zambiya kafin a tafi Gabon. A watan Yuni ta je gasar zakarun nahiyoyi a Rasha ta dawo da maki ɗaya. Ranar 1 ga Satumba, 2017, Najeriya ta Gernot Rohr ta ragargaje ta da ci 4 da nema a Uyo, ta hannun Odion Ighalo da Mikel Obi da Victor Moses da Kelechi Iheanacho, bayan kwana uku kuma aka tashi 1 da 1 a Yaoundé, wanda ya rufe mata ƙofar gasar cin kofin duniya ta 2018. A Disamba aka raba gari da Broos. Za a iya cewa an yi gaggawa, domin tawagar matasa ce da ba ta gama nuna ba, amma kuma gaskiya ne cewa nasara ɗaya a wasa shida na neman gurbi ba abin da Kamaru za ta haɗiye ba ne.

Bayan ya yi aikin daraktan wasanni a kulob ɗin Oostende na Beljiyam, Afirka ta Kudu ta ɗauke shi a Mayun 2021, yana da shekara 69, da kwantiragin shekara biyar, bayan tawagar ƙasar, Bafana Bafana, ta kasa samun gurbin gasar nahiya a ƙarƙashin Molefi Ntseki. Ya fara da irin matakin da ya ɗauka a Kamaru, amma wannan karon da gangan: ya ajiye tsofaffin sunaye, ya kira matasa daga kulob-kulob na cikin gida, ya kuma riƙa faɗa a bainar jama'a cewa lig ɗin ƙasar bai kai yadda masu shi ke zato ba, maganar da ta jawo masa baƙin jini a wurin 'yan jarida da shugabannin kulob. Farkon bai yi kyau ba. A Nuwamban 2021 Gana ta doke su da fenaritin André Ayew a Cape Coast, bugun da hukumar Afirka ta Kudu ta kai ƙara a kansa ba ta yi nasara ba, aka fitar da su duk da makinsu daidai yake da na Gana, saboda ta fi su yawan ƙwallayen da ta ci. A nan ne bambanci da Kamaru ya fito: ba a sallame shi ba.

Lokacin da aka ba shi ya ba shi damar gyara kuskurensa ma. Da farko ya ƙi kiran Themba Zwane saboda shekarunsa, daga baya ya dawo da shi ya mayar da shi mai juya wasa. Haka kuma ya karɓi wata gaskiya da koci mai girman kai zai ƙi karɓa, wato cewa Mamelodi Sundowns, wadda ta ci kofin zakarun Afirka a 2016 kuma take buga gasannin nahiya kowace shekara, ta riga ta yi masa rabin aiki. Ya ɗauki mai tsaron ragarta Ronwen Williams, da 'yan bayanta Khuliso Mudau da Mothobi Mvala da Grant Kekana da Aubrey Modiba, da Teboho Mokoena da Zwane a tsakiya, mutanen da ke atisaye tare kullum. Kocin ƙasa yana samun 'yan wasansa kwanaki kaɗan ne kafin wasa, don haka wanda ya sami layin baya da ya riga ya san juna ya fi wanda ya tara taurari daga lig shida na Turai sauƙin aiki. Wannan shi ne abin da Najeriya ba ta da shi, duk da cewa idan aka ɗauki 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya ta fi Afirka ta Kudu nesa ba kusa ba.

A Kwaddibuwa sun fara da shan kashi 2 da nema a hannun Mali, suka ci Namibiya 4, Zwane ya zura biyu, suka tashi babu ci da Tunisiya. Suka fitar da Maroko da ci 2 da nema, wata goma sha uku bayan ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar cin kofin duniya ta Katar, Achraf Hakimi ya ɓarar da fenariti. Williams ya tare bugu huɗu a bugun raba gardama da Cape Verde. A Bouaké, ranar 7 ga Fabrairu, 2024, William Troost-Ekong ya ci wa Najeriya fenariti, Victor Osimhen ya zura ta biyu, amma na'urar VAR mai sake duba wasa ta bidiyo ta soke ta ta kuma mayar da alƙalin wasa can baya ya ba Afirka ta Kudu fenariti, Mokoena ya farke. A bugun raba gardama Stanley Nwabali, mai tsaron ragar Najeriya wanda a lokacin a lig ɗin Afirka ta Kudun yake buga wa Chippa United, ya tare biyu, Iheanacho ya buga na ƙarshe. Suka doke Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango a fenariti suka zo na uku, lambar yabo ta farko tun 2000. Lissafin ya kusa zama ɗaya da na Kamaru: ƙwallo 7 a wasa bakwai, huɗu daga ciki a wasa ɗaya, an ci su 3, bugun raba gardama sau uku. Wanda ya ce akwai sa'a a ciki bai yi ƙarya ba, sai dai ƙungiyar da ba a zura mata ƙwallo a wasa biyar cikin bakwai ba ita ce ta kai kanta wurin da sa'ar za ta same ta.

Jarrabawar da ta fi nauyi ita ce wadda ya faɗi a Kamaru, wato doguwar tafiyar neman gurbin gasar cin kofin duniya. Rukunin ya ƙunshi Najeriya da Benin da Ruwanda da Lesotho da Zimbabuwe. Sun yi 1 da 1 da Najeriya a Uyo a Yunin 2024, suka sake yin 1 da 1 a Bloemfontein a Satumban 2025. A tsakani an yi sakacin da ya kusa rushe komai: an saka Mokoena a wasan Lesotho na Maris 2025 alhali yana da katin gargaɗi biyu da suka hana shi bugawa, FIFA ta soke nasarar 2 da nema ta ba Lesotho ci 3, aka zaftare maki uku. Ranar 14 ga Oktoba, 2025, Benin ce ke saman rukuni, kuma kocinta shi ne Gernot Rohr, wanda ya jagoranci Najeriya ta ci Broos huɗu a Uyo shekara takwas da suka wuce. A wannan fili na Uyo Najeriya ta ci Benin 4 da nema, Osimhen ya zura uku, Afirka ta Kudu kuma ta ci Ruwanda 3 da nema a Mbombela. Aka tashi Afirka ta Kudu na da maki 18, Najeriya da Benin 17 kowacce. Nasarar Najeriya ce ta buɗe wa Broos hanya, ita kuwa ta tafi wasannin cike gurbi a Maroko, inda Kwango ta fitar da ita a bugun fenariti. Rabon Afirka ta Kudu da samun gurbi ta hanyar wasannin share fage tun gasar 2002, domin ta 2010 a matsayin mai masaukin baƙi ta buga ta.